Shin baƙi 'yan ci-rani ne suka karya ƙungiyoyin ƙwadago a Amurka?

Wani ɗan'uwa, sakataren reshen ƙungiyar ƙwadago a wurin aikinsu, ya aiko mini da tambaya kwana biyu bayan bikin ranar ma'aikata. Ga gundarinta: "Malam, na ji an ce a zamanin da Amurka ta zama ƙasar masana'antu, wajen 1870 zuwa 1920, abin da ya hana ma'aikata samun haƙƙinsu shi ne kwararar baƙi daga Turai da China, masu karɓar ko nawa aka ba su, masu shiga aiki in an tafi yaji. Gaskiya ne? In ba haka ba ne, me ya sa ƙungiyoyin suka yi ta shan kaye?"

Kwamared, na gode da tambayar. Wannan magana da ka ji ba yau aka fara ta ba. Shugabannin ƙwadagon wancan zamani da bakinsu suka riƙa faɗinta, kuma tana da ɗan ƙamshin gaskiya da zan zo kansa. Amma bayan shekarun da na yi ina koyar da wannan tarihi, abin da na tsaya a kai shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Abin da ya riƙa kayar da ma'aikatan Amurka shi ne ƙarfin kamfanoni da ya wuce misali, ga soja da kotu a bayansu, sannan su kansu ƙungiyoyin suka rufe ƙofa suka bar mafi yawan ma'aikata a waje. Duk inda aka buɗe wa baƙon nan ƙofa, sai ka tarar ya fi kowa juriya a yajin aiki.

Ka fara duba girman abin. Lokacin da aka gama yaƙin basasar Amurka a 1865, tsawon layin dogo a ƙasar kimanin mil 35,000 ne. Zuwa 1900 ya haura mil 190,000. Shikago tana da mutum wajen 300,000 a 1870, a 1900 ta kai miliyan 1.7. Ƙarfen da Amurka ke narkawa a 1900 ya ninka na Ingila, ƙasar da ta riga kowa a harkar. Irin wannan aiki hannaye yake ci, kuma 'yan ƙasa ba su isa ba. Tsakanin 1880 da 1920 baƙi fiye da miliyan 20 suka shiga Amurka. Na farko-farko daga Jamus da Ailan da Ingila suke, daga baya akasari daga kudancin Italiya, Polan, Hangari, Sulobakiya da Girka, sai Yahudawan da suka tsere wa kisan gilla a daular Rasha. Kiran su aka yi. Kamfanonin jiragen ruwa da na dogo wakilai suke turawa har ƙauyukan Turai suna tallar tikiti, suna ba da labarin ƙasar da aiki ke neman mutum.

Su wa ke da masana'antun? Mutum biyu sun isa misali. John D. Rockefeller ya kafa Standard Oil a Cleveland a 1870. Da yake kayansa sun fi na kowa yawa, ya matsa wa kamfanonin dogo su yi masa ragin kuɗin dako a ɓoye, har aka kai lokacin da suke ba shi kaso daga kuɗin da abokan gasarsa suka biya. Mai ƙaramar matata ko ya sayar masa ko ya karye. Cikin shekara goma, kusan kashi 90 cikin ɗari na tace man ƙasar ya koma hannunsa. Andrew Carnegie kuwa shi kansa ɗan ci-rani ne: iyayensa suka taso da shi daga Sikotland a 1848, ya fara aiki a masaƙa yana yaro, ana biyansa dala 1.20 a mako. Da ya shiga harkar ƙarfe, sai ya mallaki ramin tama, ya mallaki kwal, ya mallaki jiragen da ke dakon su, ta yadda ba mai cin ribar sisi a tsakani. A 1901 ya sayar wa J. P. Morgan kamfanin a kan dala miliyan 480, aka haɗa shi da wasu aka kafa U.S. Steel, kamfani na farko da jarinsa ya haura dala biliyan ɗaya.

Kai da ka taɓa zama teburin sulhu ka san ma'anar wannan. Mai masana'anta ɗaya in an rufe masa ita mako uku, yana jin jiki, dole ya nemi zama. Mai masana'anta biyar zai iya kulle ɗaya wata biyar, sauran huɗun suna ci gaba da kawo kuɗi. Lebura kuwa mai iyali ba shi da ajiyar mako biyar.

Sai kuma inji. Kafin wannan zamani ƙarfe a hannun gwanaye yake, irin mutumin da ke tsayawa a bakin tanderu da doguwar sandar ƙarfe yana juya narkakken ƙarfe, da ido yake gane ya nuna. Shekaru ake yi kafin a ƙware, don haka in ya ajiye sandarsa aiki ya tsaya. Da aka kawo hanyar Bessemer, wadda ake busa iska cikin narkakken ƙarfe a wata ƙatuwar tukunya a gama cikin kamar minti ashirin, da sauran injinan da suka biyo bayanta, aikin ya tashi daga hannun gwani ya koma na inji da leburori da za a koya wa cikin mako guda. Gwanin ya ɗaga ido ya ga ɗan Sulobakiya a gurbinsa, ya ce shi ne ya raba shi da abincinsa. Ko da baƙon bai zo ba, ɗan ƙauyen Amurka da aka koro daga gona zai tsaya a wannan gurbi.

Bari mu je Homestead, don a nan ake ganin komai ƙiri-ƙiri. Gari ne a bakin kogin Monongahela, kusa da Pittsburgh, inda Carnegie ke da babbar masana'antar ƙarfe mai ma'aikata kimanin 3,800. 'Yan ƙungiya a cikinsu ba su wuce 800 ba, gwanaye, galibinsu haifaffun ƙasa ko 'yan asalin Ingila da Ailan da Jamus. Sauran leburori ne, da yawansu 'yan gabashin Turai, waɗanda ƙungiyar ba ta damu da yi musu rajista ba. Yarjejeniyar albashi za ta ƙare a ƙarshen Yunin 1892. Carnegie ya tafi Sikotland, ya bar ragama a hannun shugaban kamfanin, Henry Clay Frick, mutumin da bai taɓa ɓoye ƙiyayyarsa ga ƙungiya ba. Tun ana cikin tattaunawa Frick ya sa aka kewaye masana'antar da katangar katako mai tsawon mil uku, aka ɗora mata waya mai ƙaya. Daga nan ya kulle ƙofa, ya ce shi da ƙungiya sun gama.

Abin da ya biyo baya ya amsa rabin tambayarka. Leburorin nan kusan 3,000 da ba su da katin ƙungiya, waɗanda ragin albashin ma bai shafi yawancinsu kai tsaye ba, suka yi taro suka ce suna tare da gwanaye. Masana'anta ta yi tsit.

Da asubahin ranar 6 ga Yuli, aka janyo wasu manyan kwale-kwalen dakon kaya guda biyu a kogin, ɗauke da 'yan bindiga 300 na Pinkerton, kamfanin tsaro mai zaman kansa da ke ba attajirai hayar dakaru. Masu gadin kogi suka hango su, aka busa jiniya, gari ya fito, maza da mata da yara, suka keta katangar suka yi cirko-cirko a bakin ruwa. Da aka saukar da katakon tsallakowa, harbi ya tashi. Aka wuni ana musayar wuta. Ma'aikata suka jefa nakiya, suka tsiyaya mai a ruwa suna neman cinna wa kwale-kwalen wuta. Da la'asar 'yan Pinkerton suka ɗaga farin ƙyalle. Ƙidayar da aka fi ambata ita ce ma'aikata 7 da 'yan Pinkerton 3 suka mutu, kuma cikin ma'aikatan da aka binne akwai 'yan Sulobakiya. Bayan an miƙa wuya, jama'a suka yi layi biyu aka bi da fursunonin ta tsakiya ana jibgarsu, abin da jaridu suka ɗauka suka yayata, ya rage wa masu yajin farin jini.

Murnar ba ta wuce kwana shida ba. Ranar 12 ga Yuli gwamnan jihar ya aiko da dakaru fiye da 8,000, suka mamaye garin, a ƙarƙashin bindigarsu aka riƙa shigo da sababbin ma'aikata. Ranar 23 ga wata wani matashi mai aƙidar ƙin hukuma, Alexander Berkman, wanda ba shi da wata alaƙa da masu yajin, ya shiga ofishin Frick ya harbe shi ya soke shi da wuƙa. Frick bai mutu ba, kuma abin ya zame wa ma'aikata ƙarfen ƙafa. Aka gurfanar da shugabanninsu da laifin kisa da cin amanar ƙasa. Ba a samu kowa da waɗannan laifuka ba, amma kuɗin lauya da beli sun tatse asusun ƙungiya. Ranar 20 ga Nuwamba suka haƙura. Waɗanda suka jagoranci yajin an sa sunayensu a baƙin littafi, ba masana'antar ƙarfen da za ta ƙara ɗaukarsu.

Bayan haka aikin awa 12 ya zama ruwan dare a harkar ƙarfe, wasu ɓangarorin kwana bakwai a mako. Duk mako biyu, ranar da masu aikin rana za su koma na dare, mutum kan yi awa 24 a tsaye gaban wuta ba tare da ya je gida ba. Sai a 1923 aka daina wannan tsari. Carnegie ya gina ɗakunan karatu kusan 2,500 a duniya, ɗaya a Homestead ɗin kanta, kuma ba na raina wannan alheri, mutane da yawa sun amfana. Amma duk lokacin da na zo nan a aji, zuciyata takan koma kan mutumin da ya tashi daga awa 24 a bakin tanderu, ya wuce ta gaban ginin nan yana layi don gajiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ka lura da wanda ya karya yajin Homestead: dakarun gwamnati. Haka abin yake tun 1877, lokacin da kamfanin dogo na Baltimore da Ohio ya zabge kashi 10 cikin ɗari na albashi, yaji ya tashi daga Martinsburg ya bazu ƙasar, Shugaba Hayes ya tura sojan tarayya, aka rasa rayuka wajen ɗari. A 1894 kuma George Pullman, mai ƙera taragan kwana, ya rage albashi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ya ƙi rage kuɗin haya a garin da ya gina wa ma'aikatansa kusa da Shikago, inda shi ne mai gida shi ne mai aiki. Ƙungiyar ma'aikatan dogo ƙarƙashin Eugene Debs ta ce 'ya'yanta ba za su taɓa jirgin da ke jan taragon Pullman ba, zirga-zirga ta tsaya cik a yammacin ƙasar. Atoni-janar Richard Olney, wanda lauyan kamfanonin dogo ne tun asali, ya samo umarnin kotu na haramta yajin, yana kafa hujja har da dokar Sherman ta 1890, dokar da aka yi don hana manyan kamfanoni yin babakere a kasuwa. Shugaba Cleveland ya aika soja, aka kashe mutum wajen 30, Debs ya yi wata shida a gidan yari. A 1905 Kotun Ƙoli ta soke dokar jihar Niyok da ta ƙayyade wa masu gashin burodi awa 60 a mako, ta ce an shiga 'yancin mutum na ƙulla yarjejeniyar da ya ga dama. A duk waɗannan ba lebura ɗan ci-rani ne ya kayar da ma'aikata ba.

Yanzu ga ɗan gaskiyar da ke cikin abin da ka ji. Lalle an yi amfani da sababbin zuwa wajen karya yaji. Ka ƙaddara mutum ya yi kwana goma sha a can ƙasan jirgi, ya sauka a tsibirin Ellis da ke bakin Niyok, wanda aka buɗe a 1892. Yana hawa matakala likitoci na kallon tafiyarsa, wanda aka ga yana ɗingishi ko haki sai a zana masa harafi da alli a kafaɗar riga a ware shi. Wani likitan ya sa ɗan ƙugiya ya juya masa fatar ido yana neman amodari, don mai wannan ciwo komawa zai yi. A 1907 kaɗai fiye da mutum miliyan ɗaya suka bi ta nan. In ya tsallake, ba ya jin Turanci, bashin tikiti na wuyansa, sai ga wani ɗan garinsu dillalin ƙwadago ya tare shi, ya ce akwai aiki, ya zuba su a tarago. Sau da yawa sai sun isa ƙofar masana'anta sun ga jama'a na jifa kafin su san yaji ake yi. Kuma da yawansu ci-rani suka zo yi a ma'anar da Bahaushe ya sani: a tara abin da za a tara, a koma gida a sayi gona. Kusan rabin 'yan kudancin Italiya sun koma. Mai ƙirga watannin komawa gida ba zai so yajin wata biyar ba. Masu kamfani sun san haka, sun kuma san amfanin haɗa ƙabilu daban-daban a rukuni ɗaya na aiki, don kada a ji maganar juna a ƙulla wani abu.

To amma wa ya bar bangon a tsage? Nan ne raina ya fi ɓaci da shugabannin ƙwadagon wancan lokaci. Ka duba abin da aka yi wa 'yan China. Su ne mafi yawan leburorin da suka fasa duwatsun Kalifoniya don shimfiɗa ɓangaren yamma na layin dogon da ya haɗa gabas da yamma a 1869. Ana biyansu ƙasa da Turawa, kuma su suke ciyar da kansu. A Yunin 1867 dubbansu suka ajiye diga da shebur suna neman a daidaita albashi a rage awa. Shugaban aikin, Charles Crocker, ya datse hanyar kai musu abinci, cikin mako guda yunwa ta mayar da su. Waɗannan mutanen da suka yi ɗaya daga cikin manyan yajin aikin zamaninsu su ne aka riƙa kira bayin da ba su san haƙƙi ba. Ƙungiyoyin ƙwadago na sahun gaba wajen neman dokar 1882 da ta hana leburorin China shiga ƙasar, dokar da ba a soke ba sai 1943. A Satumbar 1885, a Rock Springs ta jihar Wyoming, Turawa masu haƙar kwal suka afka wa unguwar 'yan China, suka kashe aƙalla mutum 28, suka ƙone gidajensu. Kamfanin kuwa shi ke biyan ɓangarorin biyu albashi daban-daban.

Ƙungiyar ƙwadago ta Knights of Labor, wadda ta kai 'ya'ya fiye da 700,000 a 1886, ta karɓi mata da baƙar fata da leburori, abin yabo a wancan zamani, amma ta ƙi 'yan China. Wadda ta gaje ta, tarayyar ƙwadago ta AFL ƙarƙashin Samuel Gompers, ta ƙara ƙuntata ƙofar: ƙungiyoyin gwanaye ne, kowace sana'a da tata, kuɗin shiga mai tsada. Gompers, wanda shi ma baƙo ne haifaffen Landan, ya yi shekaru yana neman a sa jarrabawar karatu ga masu shigowa. Ƙungiyar Debs ma, da duk jarumtarta, ta kaɗa ƙuri'a ta hana baƙar fata shiga, alhali masu hidima a cikin taragan Pullman baƙar fata ne. Wanda aka hana kati, aka hana shi sana'a, ranar yaji kuma a ce masa ya tsaya da yunwa don wasu, da wane ido za a dube shi?

Tun da tambayarka ta biyo bayan ranar ma'aikata, bari in ɗan ratse, don asalinta na cikin wannan labari. Ranar 1 ga Mayun 1886 dubban ɗaruruwan ma'aikata suka fita yaji a faɗin Amurka suna neman aikin awa takwas, Shikago ce cibiya. Ranar 3 ga wata 'yan sanda suka harbi masu yaji a masana'antar McCormick. Washegari, a taron nuna ɓacin rai a dandalin Haymarket, wani ya jefa bam cikin 'yan sanda, bakwai daga cikinsu suka mutu, aka kashe farar hula su ma. Ba a taɓa gano wanda ya jefa ba, amma aka yanke wa mutum takwas hukunci, galibinsu 'yan asalin Jamus, aka rataye huɗu a Nuwambar 1887. A 1893 gwamna Altgeld ya yafe wa ukun da suka rage a kurkuku, ya ce shari'ar ba ta bi adalci ba. Daga Haymarket ne jaridu suka samu abin da suke nema, suka riƙa haɗa kalmar ƙungiya da baƙo mai bam, Knights of Labor ta fara zagwanyewa. Taron 'yan gurguzu na duniya a Faris a 1889 shi ya tsayar da 1 ga Mayu ranar ma'aikata. A Najeriya gwamnatin PRP ta jihar Kano ce ta fara ba da hutun a 1980, ya zama na ƙasa a 1981. Amurka kuwa a watan Satumba take nata.

Mu koma kan abin da ya faru inda aka buɗe ƙofa. A 1897, a Lattimer ta yankin kwal, wani shugaban 'yan sandan gunduma da mutanensa suka buɗe wa masu haƙar kwal wuta suna tafiya ba makami, suka kashe 19, yawancinsu 'yan Sulobakiya da Polan da Lituweniya. Kotu ta wanke masu harbin. Ƙungiyar masu haƙar kwal, wadda ke ɗaukar duk wanda ke shiga rami ba tare da duba sana'a ko ƙabila ba, ta samu dubban sababbin 'ya'ya daga cikin baƙin. Da su aka yi yajin 1902, mutum wajen 140,000, wata biyar cur, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira ɓangarorin biyu fadarsa, aka ƙare da ƙarin kashi 10 cikin ɗari da rage awa.

A Niyok, a Nuwambar 1909, shugabanni maza sun yi awanni suna jawabin a yi haƙuri a wani babban taron masu ɗinki, sai wata budurwa, Clara Lemlich, Bayahudiya 'yar gudun hijira daga daular Rasha, ta hau dandamali ta yi magana da harshen Yidish, ta ce ta gaji da surutu, a tafi yaji. Kimanin 20,000 suka fita, akasari 'yan mata Yahudawa da Italiyawa, suka sha sanyin hunturu da kulkin 'yan sanda. Kamfanoni da yawa suka sa hannu. Cikin waɗanda suka ƙi amincewa da ƙungiya akwai Triangle, mai ɗinkin rigunan mata a hawa na takwas zuwa na goma na wani bene. Ranar Asabar 25 ga Maris 1911, dab da tashi aiki, wuta ta kama a kwandon ƙyallaye. A hawa na tara aka tarar ɗaya ƙofar a kulle, kamar yadda aka saba kulle ta don a riƙa bincikar jakunkunan 'yan mata. Matakalar ƙarfe ta waje ta lanƙwashe ta rufta da mutane. Tsanin 'yan kwana-kwana bai wuce hawa na shida ba. Jama'a na tsaye a titi suna kallon 'yan mata na faɗowa daga tagogi. Mutum 146 suka mutu, wasu shekarunsu 14. Kotu ta sallami masu kamfanin. Daga baya jihar Niyok ta yi jerin dokokin kare lafiyar ma'aikata, kuma wata mata da ta ga abin da idonta a titin, Frances Perkins, ita ce ta zama ministar ƙwadagon Amurka a 1933.

Lawrence ta jihar Massachusetts ita ce hujjata mafi ƙarfi. A Janairun 1912 doka ta rage awa daga 56 zuwa 54 a mako, masu masaƙu suka zabge kuɗin awa biyun. Wasu mata 'yan Polan suka buɗe ambulan ɗin albashi, suka ga ya gaza, suka kashe injinansu. Cikin kwanaki ma'aikata fiye da 20,000 na waje, daga ƙasashe masu yawa, har da 'yan Siriya. AFL ta daɗe tana cewa irin waɗannan ba sa haɗuwa. 'Yan ƙungiyar IWW, wadda ke ɗaukar kowane ma'aikaci, suka zo suka kafa kwamiti, kowace ƙabila da wakilanta, ana fassara kowane jawabi, kowace unguwa da tukunyar ciyar da mabukata. Da yunwa ta yi tsanani suka fara tura yara wurin iyalan ma'aikata a wasu garuruwa. 'Yan sanda suka tare iyaye mata a tashar jirgi suka doke su gaban 'ya'yansu, ƙasar ta ɗauki zafi, majalisa ta kira zaman bincike. A Maris kamfanoni suka yi ƙarin albashi. Gaskiya nasarar ba ta daɗe ba: cikin shekara biyu an bi shugabannin ɗaya bayan ɗaya an kore su, ƙungiyar ta watse a garin. A lokacin ba doka da ke tilasta wa mai kamfani ya zauna da ƙungiya, don haka abin da aka samu da yaji ana iya ƙwace shi a hankali.

Akwai gwajin da tarihi ya yi mana da kansa. A 1917 aka sa jarrabawar karatun da Gompers ke nema. A 1921 da 1924 aka yi dokokin ƙayyade yawan baƙi, ta 1924 ta ɗora lissafinta kan ƙidayar 1890, da gangan, don a lokacin 'yan kudanci da gabashin Turai ba su da yawa. Ƙofa ta rufu. Ba na musun cewa raguwar sababbin hannaye ta ɗan ɗaga darajar lebura a wasu wurare, ita ce ma ta ƙara buɗe wa baƙar fatan kudu hanyar masana'antun arewa. Amma in da baƙi ne ciwon ƙungiyoyi, da a nan za su warke. Sai ga shi 'yan ƙungiya sun ragu daga kimanin miliyan 5 a 1920 zuwa wajen miliyan uku da rabi a 1929.

Sauyin ya zo ne bayan 1935, da dokar Wagner ta wajabta wa kamfani zama da ƙungiyar da ma'aikatansa suka zaɓa, da kuma sabuwar tarayyar CIO da ta ce duk wanda ke cikin masana'anta, gwani ko mai shara, farar fata ko baƙar fata, ƙungiyarsu ɗaya. A Maris ɗin 1937, shekara 45 bayan faɗan bakin kogi, U.S. Steel mai riƙe da Homestead ya sa hannu da ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe ba tare da an yi yaji ba: dala 5 a rana ga lebura, awa 40 a mako. Masu biyan kuɗin kati a garuruwan ƙarfe da yawansu 'ya'yan mutanen nan ne da suka bi layin tsibirin Ellis, shugabansu kuma Philip Murray, wanda ya sauka Amurka daga Sikotland a 1902 yana ɗan shekara 16, ya shiga ramin kwal tare da mahaifinsa.